Ba a Ɗaga Ƙafa a Kwana

Na Allah ne mu, gare shi kuma ake komawa. Kawu, wan mahaifiyata, ya koma ranar wata Talata da hantsi, cikin kaka, sa'ad da itatuwan Greensboro, a nan Amurka, suka rine ja da ruwan ɗorawa. A garejinsa da ke bayan High Point Road aka same shi, zaune a kan tsohuwar kujerar motar da yake hutawa a kai, kofin shayinsa a ƙasa kusa da ƙafarsa. Likitoci sun ce zuciya ce.

Kafin la'asar gida ya cika. Takalma suka taru daga bakin ƙofa har matakala. Ɗalibai suka zo daga jami'a da jakunkunansu a baya, yawancinsu shi ya ɗauko su daga filin jirgi ranar da suka sauka ƙasar nan. Wani direban tasi ɗan Nijar ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da hularsa, ba abin da yake maimaitawa sai “Patron ya tafi,” wato maigida. Mata suka kewaye Anti, matar Kawu, kowace da kular abincinta, ba mai ci. Can sai ga wani tsohon Bature mai gonar dawaki a Summerfield, abokin Kawu na filin tseren motoci. Ya ga takalma a ƙofa, shi ma ya tuɓe nasa, ya shigo da safa mai huji, ya tsaya a tsakar falo riƙe da malafarsa. Ya ce da Turanci bai taɓa ganin mutumin da ke shiga kwana kamar Kawu ba. Da aka fassara wa wata Hajiya, sai ta gyaɗa kai ta ce, “To, yau kam kwana ya ƙare.”

Amma duk wanda ya gama gaisuwa sai ya rage murya ya yi tambaya ɗaya: ina ɗansa? Ɗa ɗaya Allah ya ba Kawu, wanda nake kira Yaya. Yana can Seattle, a ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma rabonsa da gidan nan ya haura shekara biyu. An bar masa saƙo a na'urar wayarsa, an sake bari. Washegari Liman ya jinkirta jana'iza yana waiwayen ƙofa, har dai ya ce ba a ajiye mamaci don mai rai. Aka rufe Kawu ba ɗansa a bakin kabari.

Ƙasar nan ba ta riƙe sawun baƙo. Ɗaliban za su gama su watse, garejin wani zai kama shi ya canja masa fenti. Shi ya sa na zauna in rubuta abin da na sani na Kawu, da abin da ya shiga tsakaninsa da ɗansa, wanda bai wuce mota ɗaya da kalma ɗaya ba.

Karatun injiniya ya kawo shi daga Zariya tun yana saurayi. Ya gama, ya ce baɗi zai koma gida, baɗin kuma bai zo ba har furfura ta cim masa. Aikin ofis bai karɓe shi ba, ya ce kujera tana cin mutum daga ƙasa, sai ya buɗe gareji. Ni kuwa a tsakiyar shekarun casa'in na zo karatun adabi, aka sauke ni a gidansa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kiran sunana ba, sai dai Uwata.

Watannina na farko kuka nake yi a ɓoye. Bai taɓa tambayata dalili ba. Ranar Lahadi sai ya ce in zo in raka shi ya saurari wata ƙara da mota ke yi, alhali ba ƙarar da take yi. Mu bi hanyoyin Summerfield a hankali, ya tsaya inda dawaki ke kiwo a bayan farin shinge, ya kashe inji, ya ce in karanta masa abin da na rubuta a makon. Yakan saurara ido a rufe. In na gama ya ce, “Uwata, waƙar nan tana da inji, birki ne babu.” Ranar da ta yi masa daɗi kuwa ba ya cewa komai, sai dai ya saya mini askirim a hanyar dawowa.

Yana da wata ƙaramar mota fara, irin mai ƙofa a baya, wadda bayanta ya ƙare kamar an datse da wuƙa. Guntuwa yake ce mata. Ba don zuwa kasuwa ya ajiye ta ba. Ya cire kujerun bayanta don ta yi sauƙi, ɗaya daga ciki ce ta zama wurin hutunsa a gareji. Ya rage mata tsawo har ta kusa shafar ƙasa, ya sa mata tayoyi masu faɗi, ya canja sandar ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya biyu ya sa mai kauri, wai don ta riƙa juyawa da kaifi. In lokacin zafi ya zo, sai ya tafi da ita filin tsere a ranakun da ake buɗe wa masu sha'awa, shi kaɗai baƙin mutum mai carbi rataye a madubi. Anti takan ce wasu mazan kishi suke jawo wa matansu, ita nata hawan jini ya jawo mata.

Akwai abin da motoci irin Guntuwa ke yi, wanda Turawan filin ke kira obastiya, Kawu kuma yake cewa jefa wutsiya: ana tsakiyar kwana sai bayan motar ya zame ya nemi wuce gabanta. Ya taɓa bayyana mini da tasar ruwa a kicin. Ya ce mota tasa ce cike da ruwa. In kana gudu ka saki totur farat ɗaya, ruwan duka gaba zai kwarara, baya ya zama fayau, tayoyin baya su rasa abin da zai danne su a kwalta. Mai tsoro in ya ji mota na rawa, abin da zuciyarsa za ta fara ce masa shi ne ya janye ƙafa, wannan kuwa shi ne abin da zai juya shi. Daga nan ya samo maganarsa da duk wanda ya san shi ya haddace: “Ba a ɗaga ƙafa a kwana.” Ya faɗa wa ɗalibin da ya so barin karatu ana saura kaɗan. Ya faɗa wa mai ciwo. Ya faɗa mini ranar da na ce zan koma gida. Sau da yawa gaskiyarsa ce.

Yaya a nan aka haife shi. Hausarsa ta kicin ce da ta gareji: zo ka ci, miƙo sifana, sannu da zuwa. In an yi masa magana da Hausa, da Turanci yake amsawa. Tun yana ƙarami yake bin ubansa filin tsere, ya kuma iya tuƙi sosai, sai dai yabo bai taɓa fitowa daga bakin Kawu ya same shi kai tsaye ba. A bayan idonsa ne Kawu kan ce wa Bature abokinsa yaron nan ya fi shi hannu.

Ranar da abin ya faru ina wurin, zaune a kan ciyawa da littafi da fulas ɗin shayi. Tun da safe Yaya ya ce wa ubansa bayan motar ba daidai yake ba, yana jin tana sakin jiki a kwanar dama. Kawu ya ce shi jiya ya tuƙa ta, lafiyarta ƙalau. Da rana Yaya ya shiga wata doguwar kwana, motar da ke gabansa ta rage gudu ba zato, ya sassauta ƙafa. Na ga Guntuwa ta juya kamar ganye a kan ruwa, ta fita kwalta da baya, ta daki tarin tayoyin da aka jera a gefe. Ƙura ta lafa, Yaya ya fito da ƙafafunsa, ko ƙwarzane babu.

Kawu ya isa wurin da gudu. Na tabbata tsoro ne ya cika shi. Amma abin da ya fito daga bakinsa shi ne, “Ka ɗaga ƙafa.” Yaya ya ce motar ce, ai ya faɗa tun da safe. Kawu ya ce, “Mota ba ta da laifi. Direban ne rago.” Ya faɗa da Hausa, sannan ya sake faɗa da Turanci, a gaban duk waɗanda suka taru.

Yaya ya cire hular kwano ya ɗora a kan rufin motar, a hankali, kamar mai ajiye ƙwai. Bai hau motarmu ba a dawowa. Kafin damina ta wuce ya karɓi wani aiki a Seattle da a da ya ce ba zai karɓa ba.

Anti ta yi magana har ta gaji. Takan ce, “Alhaji, ka ɗaga wa yaron nan ƙafa mana. Ɗanka ne fa, ba wani ba.” Shi kuma ya ba ta amsar da muka sani, cewa ba a ɗaga ƙafa a kwana. Wata rana ta ce masa, “To, Allah ya sa kwanar ta ƙare kafin kwanakin.” Yaya yana kiran uwarsa a waya, amma sai a lokacin da ya san ubansa na gareji. Guntuwa kuwa aka ja ta bayan gareji aka lulluɓe da tamfol.

Cikin hunturun shekara ta biyu ne Kawu ya yaye tamfol ɗin, wai zai ciri tayoyin ya ba wani. Ina tsaye da kular abincin da Anti ta aiko ni da ita. Ya durƙusa ya shafa tayar baya ta hagu da tafin hannu, ya tsaya, ya sake shafawa. Gefenta na ciki ya cinye, ya yi kaifi-kaifi kamar haƙoran zarto, na waje kuwa kamar sabo. Ya daɗe a durƙushe. Abincin nan haka na mayar da shi.

Daga ranar ya koma mata. Ya ɗaura zare daga gaba zuwa baya a kowane gefe, ya auna yadda kowace taya ke kallo. Ta hagun nan ta baya ba gaba take kallo ba, ta ɗan karkata waje. Ya ɗaga motar a jak, ya sa ƙarfe ya ɓamɓara, sai ga robar da ke riƙe da hannun tayar ta tsage ta ciki, inda ido ba ya kaiwa. In mota na tafiya miƙe ba a jin komai. In aka shiga kwanar dama nauyi ya sauka a kanta, sai tayar ta buɗe ta ja bayan motar waje. Ga kuma sandar nan mai kauri da shi da kansa ya sa, ga iska da yake cika wa tayoyin baya fiye da kima. Duk sun taru sun mai da Guntuwa motar da ba ta yafe kuskure ko kaɗan. Shi bai taɓa ji ba, domin shi bai taɓa ɗaga ƙafa ba.

Bai gyara su a tashi ɗaya ba. Yakan ce wanda ya canja abu biyu lokaci guda bai san wanda zai gode wa ba. Ya canja robar, ya saita tayoyin da zarensa, ya je ya gwada. Ya mayar da siririyar sanda, ya je ya gwada. Ya rage iska, ya shafa alli a kafaɗar kowace taya don ya ga iyakar inda kwalta ke lasa, ya je ya gwada, ya dawo yana ɗora tafin hannu a kan robar yana jin inda zafi ya fi taruwa. Anti ta ce da ya yi wa ɗansa rabin lallashin da yake yi wa ƙarfen nan da tuni yaro na gida. Ban tsammanin ta san cewa ɗan nasa yake lallashi ba. Ko kuwa ta sani, shi ya sa abin ya fi yi mata ciwo.

Da bazara ta shigo, wata Lahadi ya ce in raka shi. Wannan karon ba wurin dawaki muka je ba. Filin ajiye motoci ne na wata masaƙa da aka rufe, Bature abokinsa ya nemo mana izini, ya jera robobi masu launin lemo suka yi doguwar kwana. Kawu ya miƙo mini hular kwano, ta Yaya ce, ya ce ni zan tuƙa. Na ce ya rufa mini asiri, ni da ko a titi tsofaffi ke yi mini ham.

“Shi ya sa,” in ji shi. “Matsoraci nake nema, Uwata, kaf garin nan kuwa ban san wanda ya kai ki ba. Na gwada da kaina, ƙafar nan ta ƙi. Ina ce mata ɗaga, tana dannawa.”

Ya zauna a gefena. Muka zaga a hankali, muka sake zagawa, yana cewa ƙara, ƙara. Da gudun ya kai inda tsoro ya kama ni, tsakiyar kwanar, ban jira umarni ba, na janye ƙafata gaba ɗaya na ƙanƙame sitiyari. Na ji bayan motar ya yi sauƙi, ya ɗan motsa kamar mai gyara kwanciya, sannan ya zauna. Guntuwa ta bi kwanarta ta fita. Ko roba ɗaya ba mu ture ba.

Bature yana can yana kaɗa malafa. Kawu bai yi murna ba. Ya zauna yana kallon gilashi, can ya ce, “Ashe yaron nan gaskiya ya faɗa.”

Da muka koma gida, bayan la'asar, ya ɗauki wayar falo ya kira Yaya. Ni da Anti muna kicin, muka daina abin da muke yi. Ba a ɗauka ba, na'ura ce ta amsa. Muka ji ya yi gyaran murya, mutumin da ban taɓa jin ya ba wani haƙuri ba, ya ce:

“Ni ne. Na gyara Guntuwa. Ka zo ka ɗaga mini ƙafa.”

Anti ta toshe bakinta da gefen mayafi, hawaye na zuba. A kunnenmu babu roƙon da ya fi wannan fitowa fili. Uba ne yake ce wa ɗansa ka yi mini sassauci, ka bar ni haka, na yi kuskure. Kuma ya zaɓi kalmar da ya yi shekaru yana haramtawa.

Amsa ba ta zo ba. Da Yaya ya kira uwarsa ta tambaye shi ko ya ji saƙon babansa, ya ce ya ji, ya roƙe ta kada ta sake tayar da maganar. Ta so ta matsa, Kawu ya hana. Ya ce ya faɗi tasa, kada wanda ya takura wa yaro, a bar shi ya huce. Duk lokacin zafin nan bai je filin tsere ba. Kowace Juma'a yana wanke Guntuwa, ya duba iskar tayoyinta, ya tayar da inji ya saurara, ya kashe. In waya ta yi ƙara yakan yi kamar bai ji ba, amma sai ya daina tauna. Haka har ganye ya fara rinewa.

Yaya ya iso ranar sadakar uku. Aiki ya kai shi wani wuri, bai ji saƙonnin ba sai da ya koma gida. Ya rame, ya tara gemu irin na ubansa. Ya rungume uwarsa, ya zauna cikin maza yana amsa gaisuwa da “amin” ɗin da aka koya masa. Da yamma ya ce in kai shi gareji.

Ya tsaya a kan Guntuwa hannuwansa a aljihu. Na ba shi labarin zaren da robar da ta tsage da siririyar sanda, na ce Kawu ya ce gaskiya ya faɗa. Ya yi murmushin da ba na daɗi ba. Ya ce da Turanci, in haka ne me ya hana shi faɗa? Ya ce saƙo ɗaya ubansa ya bar masa a tsawon wannan lokaci, shi ma ba'a ce. Sannan ya maimaita shi da Hausarsa mai karkata: “Ka zo ka ɗaga mini ƙafa.” Wato, in ji shi, na gyara mota yadda ko rago zai iya tuƙa ta, zo ka nuna mini ragontakarka in gani. Ya ce ko gama ji bai yi ba ya goge.

Nan na gane. Ma'ana ɗaya ya sani. A bakin mutum ɗaya ya taɓa jin kalmar, a wuri ɗaya, kuma kullum zagi ce.

Na ce, “Yaya, in Bahaushe ya ce ka ɗaga mini ƙafa, haƙuri yake ba ka. Cewa yake ka yafe mini.”

Ya dube ni. Ya ce in sake faɗa. Na sake faɗa, da Hausa, da Turanci. Ya ce ko dai ina so ne in sanyaya masa zuciya, na ce ya je ya tambayi duk wanda ya ga dama a cikin masu zaman makoki. Bai je ba. Ya nemi wurin zama, ba komai kusa sai kujerar nan ta baya da aka sami Kawu a kai, ya zauna a kanta, ya sa kansa tsakanin gwiwoyinsa. Ban san abin da ake cewa a irin wannan wuri ba, duk karatun da na yi bai koya mini ba. Muka zauna har aka fara kunna fitilun titi.

Da zai koma Seattle, Anti ta miƙa masa makullin Guntuwa. Ya riƙe shi a tafin hannu, ya mayar mata. Ya ce ba zai iya ba tukuna. Bature ya zo da tirela ya kai motar rumbun gonarsa a Summerfield, ya ce ta zauna nan har ranar da yaron zai so ta. Na je na gan ta kwanan baya. Tayoyinta sun fara saki, alamar allin Kawu tana nan a kafaɗunsu. Yaya yana kiran uwarsa kowane mako yanzu, wani lokaci ya ce a ba ni, ya tambaye ni ma'anar wata kalma da ya tuna ubansa na faɗa. Ina gaya masa. Ban san amfanin da hakan zai yi masa ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yalwata masa makwanci, ya sa sauƙin da ya yi wa baƙi a ƙasar nan ya tarye shi a can. Allah ya ba Anti haƙurin da ya fi wanda ta riga ta yi. Mutum ne mai kaushin harshe, na sani, wataƙila akwai waɗanda ya ɓata wa rai cikin masu karanta wannan. Ina roƙonku da kalmar da ya faɗa sau ɗaya tak a rayuwarsa, wadda ba ta isa inda ya aike ta ba: ku ɗaga masa ƙafa.